Campagnolo Nuovo Record a Kan Tsohon Firam ɗin Italiya: Inda Ya Ci Kuɗinsa da Inda Yake Ba da Wahala

Duk wanda ya samu tsohon firam na keken tsere ƙirar Italiya, ko Colnago Super ne, ko Masi Gran Criterium, ko De Rosa, ko Bianchi mai launin nan nata na celeste, shuɗi mai ratsin kore, abin da zai fara damunsa shi ne kayan da zai haɗa shi da su. Idan firam ɗin ya fito tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da tsakiyar shekarun 1980, kowa Campagnolo Nuovo Record zai ce maka, wato jerin kayan keke (masauyin giya, kuranki, birki, hob da sauransu) na kamfanin Campagnolo na Italiya. Mun yarda da wannan shawara, sai dai mai saye ya san abin da yake saye. Wajen sauya giya akwai waɗanda suka fi shi tun a zamaninsa, birkinsa kuma sai an yi masa gata. Abin da ya sa ya ci kuɗinsa shi ne yadda aka ƙera shi don a kwance, a wanke, a mayar: kusan kowane noti, washa da sifirin yana fita, kuma inda boris ke gudu an yi shi da ƙarfe mai tauri wanda ke kai shekara hamsin idan bai rasa giris ba.

Tullio Campagnolo, wanda shi kansa ɗan tseren keke ne, ya kafa kamfanin a Vicenza a 1933. Masauyin giya na baya mai suna Nuovo Record ya fito a 1967, an yi shi da alminiyam a madadin tagullar da aka yi na gabansa da ita, nauyinsa kimanin giram 200. Birkin ya biyo baya a 1968. Da ire-iren kayan nan shahararren ɗan tseren keke Eddy Merckx ya yi shekarunsa na cin gasar Faransa da ta Italiya. Super Record, mai wasu kusoshi na titaniyam, ya zo daga baya ya zauna a samansa, amma an ci gaba da yin Nuovo Record har tsakiyar shekarun 1980, shi ya sa yake da yawa a kasuwar tsofaffin kaya.

Kafin ka biya kuɗi, koyi karanta shekara. A jikin masauyin giya na baya, kusa da inda waya ke shiga, an buga PATENT ko PAT. da lambobi biyu na ƙarshen shekarar, misali 72 ko 81. A bayan hannun kuranki, wato hannun da feda ke ɗaure a kansa, akwai lamba ɗaya, ta ƙarshen shekarar, a cikin zane: idan zanen mai kusurwa huɗu ne a tsaye kan tsininsa, shekarun 1970 ne, idan da'ira ce, shekarun 1980. Hob kuwa, wato cibiyar ƙafar keke, sai an kwance notin ƙarshe na aksul, a fuskarsa ta ciki ake ganin shekarar. Wannan ba don ado kaɗai ba ne. A 1978 dokokin kare masu saye na Amurka sun sa kamfanin ya ƙara wani ɗan leɓe a gaban kejin masauyin giya na gaba, wato ƙarfen da sarƙa ke bi ta cikinsa. Leɓen ya buƙaci wuri, sai aka ƙara tazara tsakanin hannun kuranki da babban faifai, aka kuma tsawaita sandar tsakiya, wadda kuranki ke juyawa a kanta, da kimanin milimita biyu, daga wajen 113 zuwa wajen 115 a firam ɗin Italiya. Haɗa masauyin gaba mai leɓe da kurankin da ya girmi 1978, hannun kuranki zai riƙa gogar keji a kowane zagaye har ya yi masa zane. Ɗora sabon kuranki a kan gajeriyar sanda, ƙaramin faifai zai matso dab da firam, wani lokacin ya kankare fenti. Abubuwa ukun nan, kuranki da sanda da masauyin gaba, su fito daga gefe ɗaya na 1978.

Boris ɗin tsakiya shi ne inda aka fi yin asara. Bututun tsakiya na firam ɗin Italiya faɗinsa milimita 70 ne, tiredinsa milimita 36 da layi 24 a kowane inci, kuma an buga 36 x 24 a fuskar kwanukan da boris ke zama a cikinsu. Na Ingila faɗinsa 68, tiredinsa inci 1.370, ya fi ƙanƙanta, don haka kwanon Ingila zai zurma cikin firam ɗin Italiya ba tare da ya kama ba. A jikin sandar ka nemi 70-SS. Duka kwanukan biyu na Italiya hannun dama ake ɗaure su, kuma nan matsalar take. Nauyin da mai tuƙi ke dannawa yana zagaya cikin kwano, sai kwanon dama ya riƙa birgima a hankali cikin tiredi ta fuskar kwancewa. Turawan Ingila sun magance wannan da tiredin hagu a wannan gefen, Italiyawa ba su yi ba. Maganin shi ne a share fuskar bututun ta yi daidai ba tudun fenti, a wanke tiredi tas, a ɗiga maganin kulle tiredi mai matsakaicin ƙarfi, a ɗaure kwanon dama da dukkan ƙarfi. Fuskar da sifana ke kamawa siririya ce ƙwarai, milimita 36, don haka a danne sifanar da dogon bol da manyan washa ta cikin bututun, kada ta zame ta tafi da fenti da fatar hannu. Boris 11 ne a kowane gefe, masu girman rubu'in inci. A sa sababbi, ba su da tsada. Kada a manta da rigar roba da ke shiga tsakanin kwanukan, musamman a firam irin na Colnago da aka huda ƙasan bututun da tambarin kamfani, domin ta nan ruwa da yashi ke shiga.

Akwai kwano mai kauri mai zanen murɗe a bakin rami, wanda ke tura datti waje, akwai kuma siriri na tsohon Record, kuma kowanne da sandarsa, domin tazarar kafaɗun sandar ta bambanta. Mai sayar da kwanuka daban, sanda daban, a tambaye shi da kyau. Wanda ya gaji da wannan yana iya sa boris na zamani rufaffe mai tiredin Italiya, amma ya lura da bakin sandar: irin na Japan ya ɗan fi kauri, yana tura kuranki waje da 'yan milimitoci. Abin da ake nema shi ne tsakiyar fayafayan gaba biyu ta kasance kimanin milimita 43.5 daga tsakiyar firam.

Kurankin kansa shi ne mafi kyawun gani a cikin kayan, shi ne kuma wanda ya fi bukatar a zuba masa ido. A inda hannun kuranki ya haɗu da yatsu biyu na kusa da shi, injin kamfani ya bar wani siririn kaifi. A nan tsagewa ke farawa. Wanke wurin da kananzir, kawo fitila da madubin ƙara girma, ka nemi wani baƙin layi mai kamar silin gashi. Idan bai wuce kaifin ba, ana cinye shi da ƙaramin magagari mai zagaye har sai wurin ya yi sumul, kuma masu gyara da yawa suna yin haka tun kafin ya tsage. Idan ya nutsa cikin naman hannun, ko kuma tsagar tana kusa da ramin feda, kurankin ya gama aiki, a rataye shi a bango. Karyewar kuranki tana zuwa ne lokacin da mutum ya miƙe tsaye yana danna feda, kuma faɗuwar ba ta da daɗi.

Wani abin dubawa shi ne launi. Kurankin asali yana da wani rufi mai hasken azurfa a disashe, wanda ke kare alminiyam ɗin. Idan ka ga yana walƙiya kamar madubi, an goge rufin ne, galibi don a ɓoye zanen da igiyar feda ta yi, kuma daga nan sai ka riƙa goge shi kullum. Wajen cirewa, bol ɗin milimita 15 ne kuma sai soket mai siririn baki ke shiga ramin. A ciro washa kafin a ɗaura abin zaro kuranki, wanda tiredinsa milimita 22 ne. Na kurankin Faransa irin TA da tsohon Stronglight sun fi haka girma, ba sa shiga nan.

Sai babban aibin kayan gaba ɗaya, wato nauyin giya. Da'irar kusoshin faifai milimita 144 ce, don haka ƙaramin faifan da aka saba samu mai haƙora 42 ne, akwai mai 41 amma da ƙyar ake ganinsa. Tsofaffin kuranki na kafin wajen 1967 ma da'irarsu 151 ce, faifan 144 ba ya hawa kansu. A baya kuma masauyin giya an yi shi ne don haƙora 26 su zama iyaka. Lissafin a fili yake: 42 a gaba da 26 a baya, da taya mai kewayen kusan mita 2.1, yana tafiyar da kai kimanin mita 3.4 a kowane zagayen feda. Ga matashin ɗan tsere wannan ba komai ba ne. Ga mai shekara hamsin da ke son hawan tuddan Chianti na Italiya a taron tsofaffin kekuna na L'Eroica, wanda ake yi a Gaiole tun 1997 a kan hanyoyin tsakuwa, gwiwa za ta faɗa masa gaskiya. Ana iya lallaɓa masauyin ya hau 28: a ja ƙafar baya can ƙarshen dogon bakin firam ta hanyar sassauta 'yan kusoshin saiti biyu, a daidaita tsawon sarƙa ƙwaya-ƙwaya har ɗan wilin sama ya daina karo da babban faifan baya. Ba kowane firam ke yarda ba, ya danganta da tsawon kunnen da masauyin ke rataye a kai. Wanda ke son fiye da haka sai ya nemi Campagnolo Rally mai dogon keji, ko dogon keji na zamani da ake ƙerawa don a ɗaura wa Nuovo Record, ko kuranki mai fayafayai uku wanda ƙaraminsa 36 ne. Duka ukun suna da tsada.

Yadda yake sauya giya kuwa, sai an saba. Jikin masauyin yana lilo ne kai tsaye ciki da waje, ba ya bin gangaren fayafayan baya, saboda haka a kan ƙananan fayafayai tazarar sarƙa tana yin yawa. Dole ka ja liba ta ɗan wuce inda kake so, sarƙa ta hau, sannan ka dawo da ita kaɗan har ƙarar ta ɗauke. SunTour na Japan ya yi rajistar ƙirar da ke bin gangaren a 1964, kuma har rajistar ta ƙare a 1984 babu wanda ya isa ya kwafa. Gaskiyar magana, SunTour Cyclone ya fi Nuovo Record sauya giya nesa ba kusa ba, ga shi da araha. Sai dai ba a sa shi a kan Masi a fita da shi cikin mutane. Abin da ke gyara sauya giyar Nuovo Record sosai shi ne firiwil, wato jerin fayafayan baya, na zamani mai sassaƙaƙƙun haƙora da sabuwar sarƙa irin ta giya shida zuwa takwas. Sarƙar giya tara ko goma ta yi siranta, tana faɗawa tsakanin fayafayan gaba ta riƙa zamewa.

Gyaran masauyin abu ne mai sauƙi. Riƙe keji, kwance ɗan kusan da ke tare shi, bar sifirin ya warware a hankali, sannan ka kwance bol na ƙasa da makulli mai kusurwa shida na milimita 6. A jikin kejin akwai ramuka biyu na bakin sifirin, ɗaya ya fi ɗaya jan sarƙa. 'Yan wilin biyu masu haƙora 10 sukan tsattsage saboda tsufa, a sauya su. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne gaɓoɓin jiki huɗu idan sun cinye, don haka ka kama keji ka girgiza shi gefe da gefe kafin ka saya. Kuma kafin a zargi masauyi, a auna kunnen firam da ma'auni, domin mafi yawan tsofaffin firam sun taɓa faɗuwa ta dama. Libobin da ke jikin firam suna da halin sassautawa da kansu, giya ta sauko tsakiyar hawa. A wanke washoshinsu, a mayar da su yadda aka same su a jere, a riƙa murɗa ɗan zoben da yatsa. 'Yan tsere da yawa a wancan zamani sun sauya su da libobin Simplex na Faransa masu sifirin a ciki, don haka yin hakan bai saɓa wa zamanin keken ba. Kan wayar giya na Campagnolo ya fi na Shimano ƙanƙanta kaɗan. Wanda ya tura na Shimano cikin liba zai sha wahalar fito da shi.

Hob ɗin Record su ne abin da ba mu da ƙorafi a kansu. Na gaba boris 9 a kowane gefe masu girman 7/32 na inci, girman da ba kowane hob ke amfani da shi ba, na baya 9 masu rubu'in inci. Tiredin aksul nasu ne na kansu, layi 26 a inci, don haka kon, wato notin da boris ke gudu a kansa, na wani kamfani ba zai hau ba. A mirgina aksul na baya a kan gilashi a ga ko ya lanƙwashe, abin da ya fi faruwa da masu faɗin milimita 126 na giya shida fiye da masu 120 na giya biyar, saboda nisan da ke tsakanin boris na dama da firam. A bar ɗan motsi kaɗan wajen saita kon, domin sandar kulle ƙafa tana matse aksul idan an rufe ta, motsin ya ɓace. Wanda ya saita shi cif a hannu, a kan keke ya yi tsauri, kuma haka ake cinye kon.

Tiredin firiwil ma kala uku ne. Na Italiya milimita 35 da layi 24, na Ingila inci 1.370 da layi 24, na Faransa milimita 34.7 da layi ɗaya a kowace milimita. Firiwil ɗin Ingila yana hawa hob ɗin Italiya, amma kusurwar tiredin ta bambanta, kuma hob alminiyam ne, don haka idan an sa, a bar shi, kada a riƙa kai-komo tsakanin iri biyun. Na Faransa kada a kusance shi. Tsohon firiwil na Regina mai tsaga biyu kuwa, sai an ɗaure abin cirewar da sandar kulle ƙafa, a kama shi a bais, a juya ƙafar gaba ɗaya. In ba haka ba tsagar ta ɓare.

Boris ɗin wuya yana da tsayi, kimanin milimita 40 idan an haɗa, don haka idan wani ya taɓa yanke wuyan fok don boris gajere, notin sama ba zai samu tiredin kamawa ba. A auna kafin a saya. Idan kan keke yana maƙalewa a tsakiya, boris ya yi ramuka a mazauninsa. Cire kejin boris a zuba su sake, a cika a rage biyu, yana sauya inda suke zama ya ƙara wa abin kwana. Sandar sirdi mai bol biyu ba ta zamewa har abada, amma bol ɗin a sama suke, a ƙarƙashin sirdi, sai da lanƙwasasshiyar sifana ta milimita 10 da haƙuri. Firam na bututun Columbus SL galibi 27.2 yake ɗauka, amma a auna, don akwai 27.0 da 26.8. Sanda ƙarama tana sa a matse kunnuwan firam har su haɗe, bol ɗin Campagnolo kuma ya tsinke. A shafa giris, alminiyam da ƙarfe idan suka daɗe a bushe suna mannewa.

Birki kyakkyawa ne, ƙarfinsa kuma matsakaici. Robar asali ta shekara arba'in ta zama dutse, a ajiye ta don nuni, a sa sabuwa irin ta Kool-Stop da ke shiga mariƙin asali, rufaffen bakin mariƙin yana kallon gaba. A sauya wayoyi da sababbi masu santsi a cikin kube. Da waɗannan biyun birkin yana zama abin dogaro, muddin ana kama liba daga ƙasan kai, domin daga sama yatsu ba sa samun ƙarfi. Ana daidaita shi tsakiya da siririyar sifana ta milimita 13 a bayan hannuwan. Akwai mai dogon hannu da gajere, akwai mai noti a waje da mai noti a nutse, firam ne ke faɗin wanda yake so. Rigar liba ta roba mai launin zuma kusan kullum a narke take, ana samun sabbin kwafi.

Campagnolo bai yi kan keke da mariƙinsa ba a wancan lokaci. Aikin Cinelli ne da 3TTT, kuma ba sa haɗuwa: tsohon Cinelli milimita 26.4 ne, 3TTT 26.0. Kai siriri a mariƙin Cinelli yana juyawa ƙasa a ramin farko.

Wajen saye, cikakken keke mai lalataccen firam ya fi araha a kan tsintar kaya ɗaya-ɗaya, domin ƙananan abubuwa, murfin kuranki, kusan saita waya, washar liba, su ne ke cinye kuɗi. Kayan da aka sassaƙa wa tambarin Colnago ko De Rosa suna da farashi na daban, kuma akwai waɗanda aka sassaƙa jiya, sai a yi hattara. Wanda aljihunsa bai kai ba, Nuovo Gran Sport ƙirarsu kusan ɗaya, gogewar ce ba ta kai ba, kuma Gipiemme da Ofmega da birkin Universal ko Modolo duk 'yan Italiya ne na zamanin, ba abin kunya ba ne a kan firam matsakaici.

Idan an gama haɗawa, a ɗiga ɗigon fenti ɗaya da ya haɗa kwanon dama da bututun tsakiya. Bayan fita ta farko da ta biyu a duba ko ɗigon ya rabu biyu, a sake matse bol ɗin kuranki sau ɗaya, a ja wayoyin da suka miƙe, a girgiza ƙafafu a ji ko kon ya saki.